Ɗan Cin Rani Mai Fiffike A Fadamunmu

Da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, kowa a ƙasar Dogon Daji ya san abin da ke biyowa baya. Samari sukan ɗaure 'yan komatsansu su nufi Ikko ko Ibadan ko wasu garuruwan kudu cin rani. Ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. To, a lokacin da namu suke shirin fita, akwai wasu baƙi da suke shigowa ƙasarmu nasu cin ranin. Tsuntsaye ne, kuma tafiyar da suke yi kafin su iso mu ta fi ta kowane ɗan cin rani nisa.

Duk wanda yake aiki a fadamun Gulbin Zamfara, wajen Kebbe har zuwa Jega, ko a fadamun Gulbin Sakkwato, ko a bakin tafki irin na Romo, ya sha ganinsu. Sai dai ba kowa ya kula da su ba. Suna tafiya a cikin taɓo da ruwa marar zurfi, kai a sunkuye, suna tsince-tsince. In an matso sai su tashi gaba ɗaya, su yi juyi a sama kamar an ba su umarni, su sake sauka can gaba. Mutane sukan haɗa su duka su ce tsuntsayen bakin ruwa ne. Amma iri-iri ne. Yau za mu ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, wanda yake cikin mafiya yawa a fadamun shinkafa na Afirka ta Yamma. Turawan Ingila suna ce masa ruff, wato raf a bakinmu. Faransawa suna kiransa da sunan da yake nufin mayaƙi. Mutanen Holan kuwa zakaran faɗa suke ce masa. Za mu ga dalili nan gaba.

Yadda Za A Gane Shi

Macen raf ba ta fi kurciya ba. Nauyinta kamar giram 110 ne. Namijin ya fi ta girma sosai, yakan kai giram 180, wato kamar nauyin gwangwanin madara na ruwa. Wannan bambanci yana sa wasu su ɗauka tsuntsaye iri biyu ne suke kiwo tare, alhali miji da mata ne.

Bayansa launin toka ne da ratsin ƙasa-ƙasa, gashin ya hau kan juna kamar ɓawon kifi. Cikinsa fari ne. Kansa ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa. Bakinsa siriri ne, ba shi da tsawo ainun, ya ɗan lanƙwasa ƙasa kaɗan. Ƙafafunsa dogaye ne, na wasu ruwan goro, na wasu rawaya ko kore-kore. In ya tashi sama za a ga fari a gefe biyu na gindin wutsiyarsa. Wata babbar alama kuma ita ce shiru. Zakaran ƙeƙuwa in ya hango mutum sai ya cika fadama da kururuwa. Shi raf ko garke guda ne ya tashi, da wuya a ji wani abu ban da ƙarar fukafukai.

Da dare sukan taru wuri ɗaya su kwana a tsaye cikin ruwa marar zurfi, inda muzuru ko dila ba zai iso su ba tare da sun ji motsinsa ba. Da safe su watsu neman abinci.

Sau da yawa za a ga wasu 'yan ƙanana tare da su, suna gudu a bakin laka kamar an kunna su. Waɗannan danginsa ne. Akwai wanda nauyinsa bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, amma shi ma daga can ƙarshen arewacin duniya yake zuwa. Da yawa daga dangin nan bakin teku suka fi so. A gaɓar tekun Muritaniya kaɗai, a wani wuri da ake kira Banc d'Arguin, tsuntsaye irinsu wajen miliyan biyu ne suke cin rani. Shi raf ya fi son ruwan daɗi da gonakin shinkafa, shi ya sa ya zama baƙonmu.

Daga Ina Yake Zuwa?

Kowa ya san shamuwa. Tana zuwa da farkon damina daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta a gabanmu, sannan ta tafi. Raf kishiyarta ne. Yana fara isowa ne damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, ya zauna har ƙarshen hunturu. Kuma babu wanda ya taɓa tsintar ƙwansa a fadamarmu, domin ba a nan yake haihuwa ba.

Garinsu yana can arewacin Turai da arewacin Asiya, wato ƙasashe irin su Norwe da Suwidin da Finlan, da kuma arewacin Rasha har zuwa Saiberiya. Ƙasa ce ta fili da dausayi, wani wurin ko itace babu. Da hunturunsu ƙanƙara takan rufe ko'ina, ruwa ya daskare ya zama kamar dutse, ƙwari su ɓace. Tsuntsun da yake neman abincinsa a cikin taɓo ba shi da zama a irin wannan wuri. Amma daga watan Mayu zuwa Yuli abin yakan juya. Ƙanƙara ta narke, dausayi ya cika da sauro da ƙudaje da tsutsotsi. A can arewa sosai rana ba ta faɗuwa sam har tsawon makonni. Tsakar dare ma da haske. Ke nan 'yan tsaki za su iya cin abinci dare da rana, su girma da sauri. Wannan arha ce take mayar da raf gida kowace shekara, kamar yadda damina take dawo da samarinmu.

Dambe A Fagen Neman Aure

Wanda ya san raf a fadamarmu kawai, in ya gan shi a garinsu ba zai shaida shi ba. A nan tufafin aiki yake sanye da su. Kafin ya isa gida namijin yakan fitar da wani dogon gashi a wuya, mai buɗewa kamar laima, da wasu tukkaye biyu a ka. Na wani baƙi, na wani ja, na wani fari, na wani mai zane. Da wuya a sami biyu da adonsu ya zo ɗaya.

Mazan sukan taru a wani ɗan fili, wanda ake komawa shekara da shekaru, kamar fagen dambe. Kowa ya kama ɗan wurinsa da bai wuce faɗin tabarma ba, ya tsare shi. Su buɗe gashin wuya, su yi tsalle, su rusuna, su kai wa juna sara da baki da shuri da ƙafa. Duk wannan ba tare da kuka ba. Mata su zo su yi kallo, kowace ta zaɓi wanda ya yi mata.

Masana sun gano mazan kashi uku ne. Fiye da 80 cikin 100 su ne 'yan damben, masu duhun gashi, masu tsaron wuri. Kashi na biyu masu farin gashi ne. Su ba sa faɗa, ba su da wurin kansu. Sai su raɓu da wani gwarzo, shi kuma ya ƙyale su domin haskensu yana jawo mata, in ya yi sakaci su riga shi. Kashi na uku sun fi ban mamaki. Ba su fi 1 cikin 100 ba. Ba su da ado ko kaɗan, kamarsu ɗaya da mata, sai dai sun ɗan fi su girma. Su shiga fage ba wanda ya kula su, su yi abin da ya kawo su. Sai a shekarar 2006 aka bayyana wa duniya wannan kashi na uku, kuma wani manomi ne a Holan, mai kama tsuntsaye yana sa musu alama, ya fara lura da su. A 2015 bincike ya tabbatar cewa gado ne. Kowane namiji da halinsa ake ƙyanƙyashe shi, kuma ba ya canzawa har ya mutu.

Bayan an gama biki, namiji ba ruwansa da sauran aiki. Mace ita kaɗai take gyara ɗan rami a cikin ciyawa, ta yi ƙwai huɗu, ta kwanta a kansu kamar mako uku. 'Yan tsakin suna fitowa suke fara tafiya da tsintar abinci da kansu, kamar 'yan tsakin zabo. Cikin mako huɗu sun fara tashi.

Tafiyar Da Babu Jagora

Maza ne suke fara barin gida, tun ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Mata su biyo baya. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe bana su ne na ƙarshe. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a nan. Tsuntsun da bai cika wata uku a duniya ba zai kama hanyar da bai taɓa bi ba, iyayensa sun riga sun wuce, ya ƙetare ƙasashe da teku da hamada, ya sauka a Afirka. Bincike ya nuna tsuntsaye masu ƙaura suna amfani da rana da taurari, da kuma wani ƙarfin maganaɗisu na ƙasa, irin wanda yake juya allurar kamfas. Duk da haka abin bai daina ba masana mamaki ba.

Daga Holan zuwa Sakkwato a miƙe ya fi kilomita 4,000. Waɗanda suke fitowa daga can gabashin Saiberiya zuwa Afirka ta Yamma kuwa, zuwa da komawarsu yakan kai kilomita 30,000 a shekara guda. Daga Sakkwato zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne a mota. Ke nan kamar mutum ya yi wannan tafiya sau talatin. An kuma sami raf da ya rayu shekara 13.

Yawancin masu isowa Afirka mata ne. Maza da yawa, da yake sun fi girma da jure sanyi, sukan tsaya a kusa, wasu ma a Turai. Saboda haka garken da muke gani a fadama, mafi yawansu iyayen 'yan tsakin baɗi ne.

Komawa gida ita ce mai wuya. Tsakaninmu da Bahar Rum akwai Sahara, kusan kilomita 2,000 babu dausayin da za a dogara da shi. Tsuntsu ba shi da jakar guzuri. Guzurinsa shi ne kitsen jikinsa. Tun daga watan Janairu raf yake dagewa da ci, har ya ƙara kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye. Wannan kitse shi ne man da zai ƙona a sama. Maza su tashi daga Fabrairu zuwa Maris, mata su bi su a Afrilu. Da yawa ba sa sauka sai sun kai bakin Bahar Rum ko sun haye shi. Daga nan su yi zango a wurare irin su Italiya da Holan da kwarin kogin Pripyat a ƙasar Belarus, su sake yin guzuri. Wanda bai ƙoshi a fadamarmu ba, a cikin rairayi zai faɗi. Wanda ya isa a wahalce kuma ba lalle ne ya haihu a wannan shekara ba.

Shin Yana Ɓarnar Shinkafa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun manomi, kuma yana da gaskiyar yin ta. Wanda ya ga abin da jan baki yake yi wa gona a Sakkwato da Kabi, in ya hango garken tsuntsaye sun sauka masa dole gabansa ya faɗi.

Amsar ita ce raf yana cin shinkafa, amma ba irin cin jan baki ba. Jan baki yana sauka a kan zangarniya ya zuƙe ta tun tana madara. Raf ba ya iya sauka a kan kara, ƙafafunsa na tafiya a ƙasa ne. Abin da yake ci shi ne wadda ta zube lokacin yanka da sussuka, ko wadda ta kwanta a cikin ruwa. Binciken da aka yi a gonakin shinkafa na bakin Kogin Senegal ya nuna haka. Wannan tsaba da ma ta riga ta kuɓuce wa mai gona, in raf bai ci ba ɓera zai ci. Ban da ita yana cin tsutsotsi da ƙwari da fara da ƙananan dodon koɗi da 'ya'yan ciyawa.

Inda za a iya yin asara shi ne in an watsa iri a fili a kan taɓo ba a rufe ba. Nan kam zai tsinta, kamar yadda kurciya da agwagwar ruwa za su tsinta. Maganin abin shi ne tsaron gonar a 'yan kwanakin farko, ko kuma a yi reno a dasa, kamar yadda malaman gona suke ba da shawara ga masu noman rani. Shinkafar da aka dasa ta fi ƙarfinsa.

A ganinmu, sa wa hatsi guba a zuba a bakin ruwa don kashe tsuntsaye kuskure ne babba. Guba ba ta zaɓe. Za ta kashe raf, ta kashe balbela da zabin gida, ta gangara ruwa ta kashe kifin Sarkawa. Wani yaro kuma ya tsinci mushen ya gasa. Haka zuba gamalin a tafki don kama kifi, da wanke injin feshi a cikin ruwan da dabbobi da mutane suke sha.

Abin Da Yake Rage Su

Har yanzu raf suna da yawa a duniya, amma a wurare da dama sun ragu ƙwarai. A Holan masu haihuwa a ƙasar sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, saboda an janye ruwan dausayi an mai da shi gonakin ciyawar shanu. Masu yin zango a can ma sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku tsakanin 2001 da 2010.

A namu ɓangaren maganar ruwa ce. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A irin waɗannan shekaru gulbi ba ya malala sosai, fadama ta bushe da wuri, tsuntsaye su cunkushe a 'yan wuraren da suka rage. A ƙasar Mali, a fadamun Kogin Kwara wajen Mopti, masunta sukan kafa raga su kama su dubbai a kai kasuwa, kuma an fi kama su a shekarun ƙarancin ruwa, daidai lokacin da suka yi kitsen tafiya.

Madatsun ruwa ma sun canza fadama. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Sun kawo noman rani, amma bayan Bakolori malalar da take shayar da fadamun da ke ƙasa ta ragu, manoman shinkafa da masunta na can suka ji a jikinsu. Haka aka yi a fadamun Haɗejiya da Nguru bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Abin lura shi ne, ruwan da raf yake bukata shi ne dai wanda mai shinkafa da masunci da makiyayi suke bukata. Fadamar da ta kasa ciyar da tsuntsu, su ma ta fara gaza musu.

Wani daga dangin nan, mai dogon baki siriri, wanda yake cin rani a ƙasashen Bahar Rum, rabon da a tabbatar an gan shi tun 1995 a ƙasar Maroko. A 2024 masana suka ce ya ƙare a duniya. Don gudun irin haka ne ƙasashen Afirka da Turai suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura a 1995, kuma Nijeriya tana ciki. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. Kowane watan Janairu kuma, tun 1967, ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a lokaci guda.

Zobe A Ƙafar Tsuntsu

Mai karatu zai ce, yaya aka yi aka san duk wannan? Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da hunturu ba. Wasu har cewa suke yi a ƙarƙashin taɓo suke kwana. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a ƙasar Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya ƙetare hamada da teku. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, mai ɗauke da lamba da adireshi. In an tsinci tsuntsun a wata ƙasa aka aika da lambar, sai a san inda ya fito da shekarunsa. Yanzu har ƙananan na'urori ake ɗaura musu masu nuna hanyar da suka bi.

Saboda haka in maharbi ko masunci ko yaro mai ɗana tarko ya ga zobe a ƙafar tsuntsu, kada ya tsorata. Babu asiri ko sammu a cikinsa, kuma ba azurfa ba ce balle a kai wa maƙeri. Tsuntsun kuma ba ɗan leƙen asiri ba ne. In yana da rai, a kwafi rubutun a sake shi da zobensa. A rubuta dukan lambobi da haruffan da ke jiki ba tare da tsallake ko ɗaya ba, da ranar da aka same shi, da sunan ƙauye ko fadamar. Wannan aiki ne da ɗan ajin yaƙi da jahilci zai iya yi da kansa. Sai a miƙa takardar ga malamin gona ko malamin daji na ƙaramar hukuma, a roƙe shi ya tura wa masu binciken tsuntsaye. Akwai cibiyarsu ta A. P. Leventis a kusa da Jos.

Amma in an tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa ba tare da an san dalili ba, kada a taɓa su da hannu, ko da zobe ko babu. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya tun watan Fabrairun 2006, tana kashe kaji, tana kuma iya kama mutum. A hana yara ɗauka, a tsare kaji da agwagi kada su je wurin, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi a ranar.